Wasiƙa zuwa ga aminina: kiwon koren kunkurun teku a kan duwatsu

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da mai ɗaki da yara. Ya aiki, ya kuma ƙoƙari? Mu ma muna nan ƙalau, sai godiyar Allah da kewarku.

Saƙonka ya iso, kuma ka sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi. Ka ce ka ga hoton koren kunkurun teku ya kafa baki a jikin dutse a ƙarƙashin ruwa, ka rasa me dabba mai wannan girma take samu a wurin, har kana zaton kifi yake nema a cikin ramuka. To, ba kifi ba ne, kiwo yake yi. Gansakukar da ta lulluɓe dutsen ita ce cimarsa. Tun da na fara bin labarin wannan dabba na lura cewa kusan komai nasa, daga jinkirin girmansa har zuwa shekarar da macen za ta fita yin ƙwai, a jikin wannan 'yar gansakukar yake rataye. Gyara zama, maganar tana da ɗan tsawo.

Kunkurun teku iri 7 ne a duniya, kowanne da abin da bakinsa ya dace da shi. Akwai mai farfasa ƙaguwa da dodon koɗi da ƙarfin muƙamuƙi, akwai mai tsinin baki da ke zaƙulo soson teku daga tsagar murjani, akwai babbansu mai bayan fata wanda kusan jelifish kaɗai yake ci, wato halittar nan mai laushi da santsi da ke yawo a ruwa. Koren, wanda masana suka laƙaba wa suna Chelonia mydas, shi kaɗai ne ke komawa ga tsiro idan ya girma. Ƙoƙon bayansa yakan kai mita 1 ko ya ɗan wuce, nauyinsa ya haura kilo 100, manya su doshi 200. Bayan nasa ma ba kore ba ne, ruwan ƙasa ne da ratsin baƙi. Kitsen da ke ƙarƙashin ƙoƙon ne mai launin kore, an kuma daɗe ana danganta wannan launi da abin da yake ci.

Tsiron da yake ci kashi biyu ne, mutane kan haɗa su wuri guda alhali ba ɗaya suke ba. Ciyawar teku tsiro ce sosai, da saiwa da ganye har da fure, tana fitowa a yashi ko laka inda ruwa ke kwance. Gansakuka kuwa ba ta da saiwa, mannewa take yi a jikin abu mai tauri. A wurare irin Bahamas da Banc d'Arguin na Muritaniya, inda ciyawa ta shimfiɗu iya ganinka, ita yake ci. Inda kuwa gaɓa dutse ce, igiyar ruwa na dukanta dare da rana, ciyawa ba ta samun wurin kafa saiwa, sai gansakuka. Haka abin yake a kudu maso gabashin Barazil, da Yurugwai, da tsibiran Galapagos, da Hawai, da mashigin Kalifoniya na Meziko. Kunkuru ɗaya ne a duk waɗannan wurare, abin da gaɓa ta tanada ne ya bambanta.

Wanda ya leƙa irin wannan dutse daga sama zai ce babu komai. Sai ka matso za ka ga shimfiɗa ce mai kaurin ɗan yatsa ko ƙasa da haka, ta iri-iri da suka cakuɗe: ja, kore, da mai ruwan ƙasa. Tunda gansakuka da hasken rana take rayuwa, ta fi yawa a 'yan mitocin farko daga saman ruwa, shi ya sa kunkurun ke kiwo kusa da gaɓa, wani lokaci har ka ga bayansa a waje. Kuma ba ya cin duk abin da ya tarar. Ja da kore ya fi so, irin su Pterocladiella, Gelidium, Hypnea, Gracilaria, da Ulva mai faɗin ganye. Mai ruwan ƙasa, duk da yawanta a wasu duwatsun, sau da yawa yakan tsallake ta, domin ta fi tauri kuma wasu irinta suna ɗauke da sinadarai masu hana a ci su. A Hawai, inda George Balazs ya shafe shekaru da dama yana nazarinsu, an samu iri sama da 200 na gansakuka a cikin abin da suke haɗiya, amma waɗanda ke cika cikin ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Sauran duk shigowa suke yi a bakin cizo. Wannan zaɓe da yake yi yana burge ni. Dabbar da ake yi wa kallon marar wayo ta san abin da zai amfane ta a cikin shimfiɗar da idonmu bai iya rarrabewa.

Haƙori ba shi da ko ɗaya. Baki ne mai tauri, gajere, marar tsini, gefen muƙamuƙin ƙasa yana da ƙananan tsaga irin na zarto. Da shi yake kankare dutse, ya ciza, ya ɗan karkata kai ya tsinke. Ka tuna kuma ba a kwanciyar hankali yake wannan aiki ba. Igiyar ruwa tana tura shi gaba ta dawo da shi baya, shi kuwa ya dafa dutsen da hannuwansa na gaba, ya jira ta lafa, ya kai cizo, ta sake ɗaga shi. Duk bayan 'yan mintoci sai ya taso ya shaƙi iska, don huhu gare shi, ya koma. A gaɓar da teku ke cika ya janye, yakan jira cikowa ya hau falalen da ɗazu suke a bushe, ya ci abin da ba ya iya kaiwa a sauran lokuta, kafin ruwa ya janye ya sauka. A wurare da yawa an ga ya fi ci da safe da kuma yamma. Tsakanin nan sai ya nemi ƙarƙashin wani dutse ya cusa kai ya huta, bugun zuciyarsa ya ragu, ya iya yin awa guda ko fiye bai taso ba. A nan ne ƙananan kifaye ke zuwa su tsince gansakukar da ta tsiro a bayansa, mai kiwo ya zama wurin kiwo.

Duk cizo da ruwan gishiri yake shiga. Maƙoshinsa cike yake da wasu tsinaye masu kallon ciki. Idan ya matse maƙoshin, ruwan ya fita ta baki da hanci, tsinayen su riƙe abincin. Gishirin da ya rage a jiki kuma wasu gaɓoɓi na musamman da ke bayan idanu ne ke fitar da shi. Hawayen da ake gani a idon macen da ta fito yin ƙwai, aikinsu ke nan.

Inda abin mamakin yake sosai shi ne cikin cikinsa. Ba ya tauna, gutsi-gutsi yake haɗiya, kuma jikinsa shi kaɗai ba zai iya narkar da zaren da ke cikin tsiro ba. Ka san yadda saniya take: ba ita ke narkar da ciyawa ba, ƙananan halittun da ke tumbinta ne ke ruɓar da ita, ita kuma ta amfana da abin da suka fitar. Haka kunkurun yake, sai dai shi a babban hanji ake wannan aiki, can ƙarshen hanya, kuma ba ya tuƙa. Karen Bjorndal, wadda ta yi nazarinsu a tsibirin Great Inagua na Bahamas a shekarun 1970, ta nuna cewa yadda yake narkar da zaren ciyawa bai gaza na dabbobi masu tuƙa ba. Amma da lokaci yake biya. Abin da ya ci yau yakan yi fiye da mako guda a ciki, a wasu wuraren har mako uku, kafin ya fita. Ita ce kuma ta gano cewa a filin ciyawa yakan keɓe ɗan wuri, ya datse tsofaffin ganye ya bar su su tafi da ruwa, sannan ya riƙa dawowa yana cin sabon tohon, wanda ya fi laushi ya kuma fi furotin. A kan dutse ma, yawan dawowa wuri guda yana sa shimfiɗar ta kasance gajera, kullum sabuwa.

Ba da cin tsiro yake fara rayuwa ba. Ɗan da ya fito daga ƙwai bai wuce santimita 5 ba. Da ya shiga ruwa sai ya miƙe tsakiyar teku, ya ɓace wa idon mutane, abin da ya sa masanin kunkurun teku Archie Carr ya kira wannan zango ɓatattun shekaru. A can yana laɓewa a cikin tarin gansakukar Sargassum mai yawo a saman ruwa, yana cin ƙananan jatan lande, ƙwan kifi, jelifish, duk abin da bakinsa ya iya kamawa. Binciken da aka yi a 2007 kan sinadaran da ke taruwa a ƙoƙon bayansu ya nuna cewa na yankin Bahamas sukan yi shekara 3 zuwa 5 a haka. Sai ya kai santimita 25 zuwa 35, a tekun Fasifik ya ɗan fi haka, sannan ya gangaro gaɓa ya zaɓi wurin zama. Daga nan cima ta juya. Dole halittun hanjinsa su ma su sauya, shi ya sa sauyin ba ya faruwa dare ɗaya. Sababbin zuwa sukan daɗe suna haɗa nama da tsiro.

Kada ka ɗauka kuma babban ya haramta wa kansa nama. Idan jelifish ya gifta, zai kama. A Bahia de los Angeles ta mashigin Kalifoniya jan gansakuka ce mafi yawan abincinsu, amma suna haɗawa da soson teku da wasu halittu masu laushi na ƙasan ruwa. A bakin kogin Plata, ɓangaren Ajantina, inda ruwa ke da laka kuma tsiro ya yi ƙaranci, ƙananan sun fi dogara da jelifish. A Galapagos har ganyen itatuwan da ke tsira a cikin ruwan gishiri suna ci. Da aka tattara binciken sassan duniya a 2020, sai aka ga zafin ruwa yana da hannu a ciki: inda zafin ruwa ya haura digiri 25 a ma'aunin Selsiyos tsiro ne ke rinjaye, inda ya sauka ƙasa da 20 nama yana ƙaruwa. Dalilin a fili yake, jininsa yana bin yanayi, idan ruwa ya yi sanyi aikin ruɓarwar hanji sai ya yi nauyi. Idan sanyin ya tsananta ma yakan daina ci gaba ɗaya. Mutanen Seri na gaɓar Meziko sun daɗe da sanin cewa a lokacin hunturu kunkurun kan kwanta a ƙasan teku ba motsi, tun kafin masana su rubuta hakan a 1976.

Yanzu ka dubi abin da wannan cima ke jawowa. Gansakuka tana da yawa, ba ta gudu, ba a faɗa a kanta, amma furotin ɗinta kaɗan ne. Saboda haka girma yake tafiya a hankali, a wasu wurare santimita 1 ko 2 kacal a shekara. Kafin ya balaga sai ya shekara 20, 30, wani har 40. Waɗanda aka kiwata a tsare da abinci mai furotin sukan balaga da wuri ƙwarai, wanda ke nuna maka cewa abincin ne ke ja masa linzami. Macen kuma ba ta ƙwai kowace shekara. Sai ta yi shekara 2 zuwa 5 tana tara kitse, cizo bayan cizo, kafin ta iya tafiya. Waɗanda ke kiwo a gaɓar Barazil sukan yi iyo na kusan kilomita 2,300 zuwa tsibirin Asenshon da ke tsakiyar Atlantika, su yi ƙwai sama da 100 a rami guda, su maimaita sau da dama da tazarar kusan mako biyu, su juyo gida, kuma kusan duk watannin nan da azumi suke yinsu. Kusan kowane ƙwai da ke cikin yashin Asenshon, daga duwatsun Barazil aka kankaro shi. A Ostareliya, masana Colin Limpus da Neville Nicholls sun nuna tun 1988 cewa yawan matan da ke fitowa yin ƙwai yana bin yanayin El Nino (ɗumamar ruwan tekun Fasifik da ke sauya yanayi) na kusan shekara 2 da suka gabata, wato idan kiwo ya yi kyau ko ya lalace, sai bayan shekara 2 ake ganin alamarsa a bakin yashi.

Ga kuma riƙon wuri. Wanda ya zaɓi wasu duwatsu yakan shafe shekaru a kansu, wurin cinsa da wurin kwanansa ba su da nisa da juna. An sha ɗauke su a kai wani wuri, su dawo. Wannan hali yana taimakonsa, don ya san kowane lungu, amma shi ne kuma ke cutar da shi idan wurin ya lalace, domin ba ya saurin ƙaura.

Wannan ɓangaren shi ke damuna. A gaɓar jihar Espirito Santo ta Barazil an kwatanta duwatsun da ke kusa da birni da na nesa. Inda ƙazantar gari ke kwarara, ire-iren gansakuka sun ragu, Ulva mai jure dagwalo ta mamaye, kunkurun ya koma cin kusan abu ɗaya. A Hawai kuma baƙin ire-iren gansakuka ne suka shigo: Acanthophora ta iso a manne da jirgin ruwa wajajen 1950, Hypnea kuma da gangan aka kawo ta daga Fulorida a 1974 don gwajin noma. Suka bazu, kunkurun ya koyi cinsu, har baƙin iri, su da wasu irinsu, suka zama fiye da rabin abincinsa a mashigin Kaneohe. Ka ga yana da dabarar sabawa. Sai dai a irin wuraren da takin zamani da ruwan bahaya ke shiga teku ne aka fi ganin wata cuta mai fitar da ƙari a idanu da wuya da hammata, wadda aka fara bayyanawa a 1938, kuma tana da alaƙa da wata ƙwayar bairas. Wasu masana suna ganin gansakukar da ta ƙoshi da naitirojin, sinadarin da ke cikin taki da bahaya, ita ce ke ƙarfafa bairas ɗin, wasu suna jayayya da haka. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne, ƙari a ido ko a baki yana hana shi ganin abinci da cinsa.

Sai leda. Farar leda a ruwa kamar jelifish take, gutsin kore kuma kamar Ulva, wata ma a cakuɗe take da gansakukar. Tsinayen maƙoshin nan da ke riƙe masa abinci su ne ke sa abin da ya shiga ya yi wuyar dawowa. A wani bincike da aka wallafa a 2015 kan waɗanda aka tsinta a mace a gaɓar Barazil, kusan kashi 70 cikin 100 suna da shara a ciki, kuma an ga cewa abin da bai kai giram 1 ba ya isa ya toshe hanjin ƙarami ya kashe shi. Hanjin da ke riƙe abinci na makonni haka yake riƙe leda. Ga raga da igiyar fatsa da ke maƙalewa a duwatsu, daidai inda yake kiwo, idan suka sarƙe shi bai taso ya shaƙi iska ba, shi ke nan. Akwai kuma masu yawon buɗe ido da ke jefa masa kifi don ya matso a ɗauki hoto. Ni dai ba na ganin alheri a ciki. Ana sauya masa cima, ana kuma koya masa zuwa kusa da jiragen da farfelarsu ke tsaga bayansa.

Shi ma yana yi wa wurin aiki. Yawan kankarar da yake yi yana hana gansakuka tsawo har ta rufe murjani da sauran halittun da ke neman wurin mannewa. Amma komai da iyakarsa. A Bamuda da tsibiran Lakshadweep na Indiya, inda suka yi yawa a wuri guda, sun cinye ciyawar teku har ƙasa ta fito. A Shark Bay ta Ostareliya, inda manyan kifayen shak masu zane, waɗanda ke cin kunkuru, suke nan da yawansu, an ga tsoro yana rarraba kiwo: kunkurun da ya ƙoshi yakan tsaya inda zai iya tsere, ramammen ne ke kasadar shiga tsakiya inda abinci ya fi kyau. Inda aka kashe shak, wannan birki ya tafi.

Labarin ba duka ne mai ɗaci ba. A Oktoban 2025 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta cire koren kunkuru daga jerin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa a duniya, bayan shekaru da dama na tsare wuraren ƙwai da hana kamu, ko da yake wasu yankunan har yanzu nasu na cikin matsi. Na yi murna ƙwarai. Abin da nake so a ƙara kula da shi shi ne, macen 'yan sa'o'i take yi a kan yashi duk fitowa, namijin ma a mafi yawan wurare ba ya taka tudu bayan ƙyanƙyasa, amma shekarunsu duka a wurin kiwo suke ƙarewa. Yashi ya fi sauƙin gadi, ana ganinsa, ana ƙirga ramuka. Dutsen da ke ƙarƙashin ruwa kuwa sai ya lalace ba a sani ba. Shi ya sa nake yaba wa shirin TAMAR na kare kunkurun teku a Barazil, wanda aka kafa a 1980, da ya buɗe sansani a garin Ubatuba, wurin da kunkuru ba ya ƙwai, ci kawai ke kawo shi, yana aiki da masunta don su riƙa sakin wanda ya faɗa raga da rai. A Yurugwai ma an sa duwatsun Cerro Verde cikin wuraren da doka ta tsare a 2011, kuma ƙananan kunkurun da ke kiwo a can suna cikin dalilan.

Bari in tsaya nan. Ka gaida mai ɗaki da yara da kyau, ka kuma gaida duk wanda ya tambaye ni. Ka rubuto mini labarin aikinka da na karatun yara, don saƙonka na baya bai ce komai a kai ba. Allah Ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Amininka